Igiyar Takalmin Delmar

Ga ta nan, ga ta nanku, ko da yake ta yau babu Gizo a cikinta.

Ta zo mu ji ta.

Lorraine na durƙushe a barandar maƙwabcinta Delmar, tana kokawa da igiyar takalminsa na aiki, dusar ƙanƙara na sauka a ƙeyarta. Ƙafar ta kumbura har ta fi ƙarfin takalmin. Shi kuwa yana zaune a kujera, hannu dafe da ƙirji, yana haki kamar wanda ya hau tudu a guje.

"Ja da kyau mana," in ji shi. "Ko ƙarfin naki sai wajen murza burodi?"

"Rufe mini baki, tsoho. Wannan ƙafa likita take nema, ba takalmi ba."

Ya ɗora yatsa a leɓe, ya nuna tagar ɗakin da matarsa Verna ke kwance.

To, bari in gaya muku yadda abin yake. Su biyun ma'aikatar kwalabe ɗaya suke yi wa aiki a nan Toledo ta ƙasar Amurka, ita tana layin duba kwalabe, shi yana tuƙa motar ɗaga kaya. Verna kuwa ciwon daji ne ya kama ta a hanji, kuma inshorar lafiya ta wurin aikin Delmar ce ke biyan asibiti. Ƙanensa ya sha kiransa ya koma arewa bakin tafki su riƙe shagon kayan kamun kifi tare, aikin zaune, ba sanyi ba ɗaukar nauyi. Har jirgin ruwan Delmar na nan a tsakar gida lulluɓe da tampol, yana jiran ranar. Amma shagon ba shi da inshora, kuma a wancan zamani babu kamfanin da zai karɓi mace mai tsohuwar cuta. Barin aiki ke nan barin Verna.

A mota Lorraine ta sake tayar da maganar. Ya ce da ita idan likita ya ji zuciyar nan, za a sauke shi daga kan motar kaya. Idan aka sauke shi awoyinsa za su ragu. Idan suka ragu, inshora ta tafi. Ta yi haƙuri dai a yi wa Verna tiyata, washegari da ƙafarsa zai je asibiti. Ya sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba.

Ta rantse. Ai wanda ya ɗanɗana shi ya san ɗacin. 'Yarta Renita mai ciwon suga ce, allurarta inshorar wannan ma'aikata ce ke biya. Ita ma Lorraine yayarta ta gaji da kiranta su buɗe gidan burodi.

Tun daga ranar barci ya ƙaurace mata. A wurin aiki kwalabe na wucewa gabanta, amma kunnenta na can wajen ƙarar motarsa. In ƙarar ta tsaya, gabanta ya faɗi. In waya ta yi kuka a gida, sai ta tsaya tana kallonta kafin ta ɗauka. Kullum da safe ta leƙa ta labule, sai ta ga fitilar kicin ɗinsu a kunne sannan ta iya haɗiye ruwan kofi.

Aka yi tiyata lafiya. Lorraine ta zo da safe da murnarta, ta ce yau asibiti suka nufa. Ta same shi zaune da rigar aiki, takalma a gabansa, leɓɓansa sun yi toka-toka.

"Likitoci sun ce da sauran maganin da za a riƙa ɗura mata har bazara," ya ce, bai dube ta ba. "Bazara kamar gobe ne."

"Delmar, ka yi mini alkawari."

"Na yi mata nata kafin naki. Ɗaure mini, maƙwabciya, za mu makara."

Ta so ta yi ihu Verna ta ji. Ta dubi tagar, ta ga inuwar matar, siririya kamar tsinke, tana ɗaga musu hannu. Sai ta durƙusa ta ɗaure.

A hanya ya yi ta surutu fiye da kullum, yana ba ta labarin wani kifi da ya kuɓuce masa, wanda duk shekara yake ƙara girma a bakinsa. Ta ce masa bana kifin ya kai girman saniya ke nan. Ya yi dariya. Da suka shiga filin ajiye motoci na ma'aikata, ta kashe mota, ta ce ya fito. Bai motsa ba. Kansa na jingine da gilashi, katin shiga aiki a tafin hannunsa.

Jama'a, abin da ya fara zuwa zuciyar Lorraine shi ne ta ɗauki katin ta je ta danna masa, don na'ura ta nuna ya zo aiki. Har ta zare shi daga yatsunsa. Sannan ne ta ji muryarta tana kiran a kawo agaji. Masu motar asibiti da suka zo, da almakashi suka yanke igiyar da ta ɗaure.

Maƙwabta suka cika kicin ɗin Verna da kwanukan gasasshiyar taliya, kamar yadda aka saba a gidan rasuwa. Verna ta riƙe hannun Lorraine ta tambaye ta ko ya taɓa kukan wani ciwo. Lorraine ta ce ya dai ce ya gaji.

Verna ta sayar da jirgin ruwan, da kuɗin ta riƙe inshorar har maganin ya ƙare, ta warke, ta koma wurin ɗanta da zama. Ƙanen Delmar ya ɗauki wani a shagon. Yayar Lorraine ta buɗe gidan burodinta ita kaɗai. Lorraine tana nan a layin kwalabe, Renita na samun allurarta. Takalman kuwa daga asibiti aka dawo da su a leda, suna barandar har aka sayar da gidan, igiyarsu a yanke, ƙullin da ta yi bai kwance ba.