Fankar Motar Likitan Shanu

Shekara biyu kafin Turawa su tafi, ni ne direban Baturen da ke yi wa shanu allura a ƙasar Kazaure. Motarsa na da fanka mai huro ɗumi a ƙafa, mataki uku gare ta. Da sanyi ya kama, na ɗaya da na biyu suka mutu. In ka murɗa na uku kuwa sai ƙugi kamar injin niƙa, ƙafa na gasuwa. Bature ya ce ran Litinin da asuba za mu Babura, in ban gyara ba zai ɗauko wani direba daga Kano. Ga matata Batulu da tsohon ciki.

Mutum ɗaya ne a garin ya san cikin irin wannan mota, Mamuda, wanda ya gyara motocin soja a yaƙin Bama. Shi ne kuma mahaifin Batulu. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, gaisuwa ma a durƙushe nake yi daga nesa. To da wane baki zan ce, "Baba, aikina ya gagare ni"? A lokacin na ce kunyar suruki ce. Yau da furfura a kaina na san rabi girman kai ne.

Na duba fis ɗin wutar mota, lafiya lau. Na kwance makunni na goge, na ɗiga wa fanka mai, a banza. Ran Asabar na gano wata 'yar waya murɗaɗɗiya a bakin bututun iska, ta ƙone ta rabu biyu. Cikin murna na cire ta na ɗaura jan ƙarfe mai kauri. Na kunna, ɗaya ƙugi, biyu ƙugi, uku ƙugi. Garin neman gira na rasa ido.

Batulu ta ga na kasa cin tuwo, ta kai wa uwarta labari. Ran Lahadi da hantsi sai ga tsohon a gareji yana dogara sanda. Na durƙusa a bayan mota. Bai dube ni ba, Lado maigadi ya yi wa magana.

"Lado, gaya wa mai motar nan, wayar da ya cire ita ke rage wa wuta ƙarfi kafin ta kai fanka. Na uku ba ya bi ta cikinta, shi ya sa bai mutu ba. Jan ƙarfe kuwa ba ya tare komai."

Ya zaro wayar tsohon dutsen guga na lantarki daga aljihu, ya naɗe ta a jikin ƙusa. Idonsa ya yi rauni, da laluba yake yi. Sau uku yana rage tsawonta yana gwadawa. Can sai mataki na ɗaya ya huro iska a hankali, da ƙyar ake jin ta.

Muna nan Bature ya iso, ya tambaya da Hausarsa wa ya gyara. Mamuda ya miƙe ya sara masa irin ta soja.

"Ranka ya daɗe, direbanka ne ya gano ciwon. Ni ƙusa kawai na riƙe masa."

Na karɓi yabon. Aikin nan na ci shi shekara tara, har bayan Baturen ya tafi.

Kullum ina cewa zan je in yi godiya. Na ce bari Batulu ta sauka. Ta sauka, na ce bari a yi suna. Ranar suna ga shi zaune cikin dattawa, na aika masa goro ta hannun Lado. Kafin ruwan fari tsohon ya kwanta ciwon kwana huɗu, ya rasu.

Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Ban taɓa matsawa kusa da shi kamar ranar ba, a nan na ce na gode, ba wanda ya ji.