Tsinin Shinkafar Bu Sumi

Shekara goma sha ɗaya ina koya wa 'yan sakandare lissafi da kimiyya da Turanci a barandar gidana a Kudus, wani gari a tsibirinmu. Duk shekara nakan rataya ƙyalle a ƙofa da hotunan ɗalibaina, a ƙasa an rubuta: kowa ya ci. Yadda nake haɗa wannan "kowa" ɗin kuwa, ni da Allah muka sani.

Lastri 'yar marigayi abokina ce, kyauta nake koya mata. Akwai naci, amma lissafi ya ƙi ta. Abin da na bayyana sau uku sai ta ɗaga hannu tana neman na huɗu. Saura wata uku jarrabawar shiga jami'a, na ga za ta ɓata min suna, na ja ta gefe.

"Lastri, ki huta bana. Baɗi ma shekara ce."

"Laifi na yi, Pak Darmo?" Haka suke kirana; Pak a wurinmu kamar a ce Malam ne.

"A'a, wurin ne ya yi mana kaɗan."

Ta dubi benci biyun da babu kowa a kai, ta sumbaci hannuna kamar kullum, ta tafi.

Washegarin fitowar sakamako na ji hayaniya a ƙofa. Uwar Lastri ce, Bu Sumi, wato Malama Sumi, da maƙwabta, ɗauke da faifan shinkafa mai kurkum, an tula ta ta yi tsini, ga ƙwai da kaza kewaye. Lastri na bayansu.

"Ta ci, Pak! Harhaɗa magunguna za ta karanta!" in ji Bu Sumi. "Wata ukun nan ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, sai ta saɓi jaka ta ce ta tafi wurin Pak Darmo. Na ce ke, ki bar bawan Allah ya numfasa mana!"

Aka kwashe da dariya. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe Lastri ba ta gaya wa uwar na sallame ta ba. Daga baya na ji a barandar masallaci take wuni da tsofaffin takardun jarrabawa, ita kaɗai.

Bu Sumi ta yanke tsinin, wanda a wurinmu sai mafi daraja a taro ake ba, ta miƙo min da hannu biyu. Kunya ta ishe ni, na ce gara in faɗa in huta.

"Bu Sumi, akwai maganar da ya kamata..."

"Pak," Lastri ta katse ni, murya ƙasa-ƙasa. "Tun asuba Inna take gaban murhu. Ci kawai."

Ba ta ko ɗaure fuska ba. Na kai loma baki.

"Ƙara masa kaza," in ji uwar. "Ai ya sha wahala da ke."

Lastri ta zaɓo cinya, ta ɗora min.