Sanyin Motar Alhaji Uba

Direba Sanda ya ɗaga ƙafa daga kan totur, ya bar motar ta gangara cikin kwarin da nauyinta, sannan ya sake taɓa shi a hankali kamar mai taka ƙaya. Ido ɗaya na kan burji, ɗaya na kan 'yar lambar da ke haske a bayan sitiyari, wadda ke nuna iya nisan da sauran man zai kai su. Abin da ta nuna da suka baro Adabka bai kai Anka ba. Kusa dai, amma bai kai ba.

Motar ta uban gidansa ce, Alhaji Uba dillalin zinari. Baƙa ce, doguwa, cikinta na ƙamshin fata. Daga Abuja ya tuƙo ta zai kai ta Gummi, ya sha mai daidai tafiyar, sai waya ta same shi a hanya cewa matarsa Zaliha ta yi ɓari tun jiya, jinin ya ƙi tsayawa. Alhaji ya ce ya je Adabka ya kai ta asibitin Anka, ya dai kula da ƙasan motar. Gidajen man da ya wuce duk a rufe suke, 'yan bumburutu kuma sun ɓuya tunda aka hana sayar da mai a jarka.

Yanzu ga Zaliha kwance a kujerar baya, kanta bisa cinyar mahaifiyarta. Zafin bazara na shigowa ta tagogi kamar hucin tanda.

"Ce masa ya bi ramukan nan sannu," in ji Inna, fuskarta a sunkuye.

"Ka ji, direban manya," Zaliha ta ce da siririyar murya. "An ce ka bi sannu."

Haka suke tun aurensu. Inna ba ta taɓa kiran sunan surukinta ba, ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba. Ko gaisuwa ce sai ta bi ta bakin Zaliha, ko da kuwa tabarma ɗaya ce tsakaninsu. Zaliha ta mai da abin wasa, tana ƙara gishiri a saƙon duk yadda ta ga dama.

"Baban Rufaida," Zaliha ta kira shi.

"Na'am."

"Wagga ce motar da kake ba ni labari? Mai sanyin nan?"

"Ita ce."

"To ina sanyin? Ko ƙarya kake shara mini duk shekarun nan?"

Ya yi 'yar dariya. Ya sha ba ta labarin. In ya dawo gida hutu, suna zaune a tsakar gida tana fifita da murfin kwano, sai ya ce ai a motar Alhaji har rigar sanyi mutum ke nema ana tsakiyar bazara. Ita kuwa ta ce ranar da ta shiga, ba mai fito da ita.

"Kunna mini ko kaɗan ne," ta ce. "Jikina wuta yake."

Ya dubi maɓallin esin, na'urar sanyin, ya dubi lambar. Ya san motar kamar yunwar cikinsa. A kan kwalta mai kyau, in an bi ta da lallashi, ba ta da haɗama, sai ka yi mamakin girman jikinta da ƙarancin cinta. Amma a irin wannan hanya, ga ramuka, ga ƙaramar giya, in aka ɗora mata esi sai ta riƙa zuƙa kamar raƙumin da ya dawo daga sahara. Dajin da ke gabansu kuwa ba wurin da mota ke mutuwa ba ne. Kowa ya san su wa ke fitowa daga cikinsa a kan babura.

"Yi haƙuri mu hau kwalta," ya ce. "Muna hawa zan kunna miki."

"Marowaci," ta ce. "Inna, kin ga irin mijin da kuka ba ni."

Inna ta ci gaba da yi mata fifita da gefen mayafi.

Ya so ya taka motar ta tashi sama. Amma gudu ma mai yake sha. In ya yi sauri, man ya ƙare a daji, ya kashe mutum uku. In ya bi sannu, jini na zuba. Ya juya abin a ransa ta kowace fuska bai ga inda mutum zai tsaya ya ce ya yi daidai ba. Sai ya riƙe allurar gudun a wuri ɗaya, ba ya taka birki sai dole, yana salati a ƙasan numfashinsa.

Da suka hau kwalta sai wani abu ya faru da ya sha gani amma bai tuna da shi ba. Lambar ta daina sauka, har ta ɗan ƙaru. Lissafin farko na gudun da ya sharara daga Abuja ne da esi a kunne. Yanzu da motar ta ga ana lallaɓa ta, sai ta sake shawara.

"Mun hau kwalta," Zaliha ta ce. Da kyar ya ji ta.

"Na gani. Bari mu wuce gadar can, in tabbatar."

Suka wuce gadar. Lambar ta kai Anka har da 'yar rara. Ya ce a ransa, lamba ce kawai, ta taɓa yaudararsa a hanyar Kaduna. Bari dai ya hango gari. Bayan motar ya yi tsit, ya gode Allah da barci ya ɗauke ta. A madubi yana ganin Inna ta daina fifita, ta ɗora tafin hannunta a kan fuskar ɗiyarta, leɓunanta na motsi.

Dogon ƙarfen sabis ɗin waya na Anka ya bayyana a saman itatuwa. Sanda ya saki numfashi, ya ɗaga gilasai duka, ya danna maɓallin. Iska ta fara fitowa da ɗumi, sannan ta huce, sannan ta yi sanyi kamar ruwan randa.

"Zaliha, ga sanyinki. Tashi ki ji, kada ki ce ƙarya nake."

Shiru.

"Zaliha."

"Sanda."

Muryar Inna ce. Bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, har ya ɗan waiga ya ga ko wani ne ya shigo motar.

"Sanda, tsaya. Tun kafin gadar nan ta cika. Na rasa ta inda zan faɗa maka."

Ya gangara gefen hanya, ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Ya ce innalillahi, ya sake cewa, hannayensa na kan sitiyari ya kasa sauke su. Babura na wucewa, wani ya rage gudu yana kallon motar da sha'awa. Lambar na nan tana haske. Man da ya rage zai kai su asibiti, ya zagaya gari, ya dawo.

Ya kai hannu zai kashe esin.

"Bar shi," Inna ta ce, tana gyara mayafin a kan fuskar. "Ai ta roƙa. Juya mu kai ta gida."

Sanda ya cire hularsa, ya kifa ta a kan lambar. Ya ƙara sanyin har ƙarshe, ya juya kan motar.