Alamar Jummare a Rumbun Kwamfuta

A shekarar 1978, wani kamfanin haƙar kuza a Jos ya sayi kwamfuta mai girman durowar kaya, kuma Jummare, 'yar makiyaya daga Dutse Uku, ita ta koya mata jin magana. Ta gina shirin da ta kira Tafinta: ka rubuta umarni a sauƙaƙe, ya juya wa injin. Ta haɗa masa rumbu guda inda ta tara ayyukan da kowa ke bukata, irin su lissafi da buga takarda. Duk shirin da wani sashe ya rubuta, a nan yake ɗiba.

Da aikin ya kammala, Lukuman, abokin aikinta mai bakin zuma, ya goge sunanta daga farkon Tafinta ya sa nasa. Oga Chuwang, shugaban sashensu, ya yi masa ƙarin girma, ita kuma aka mayar da ita ɗakin huda kati, inda ake rubuta wa injin umarni ta hanyar huda katuna. Ran Jummare ya ɓaci har abinci ya daina mata daɗi.

Mahaifinta ba ya barin maraƙi ya shiga garke sai ya tsaga masa kunne, alamar nasa ne. Ita ma haka ta yi. Ta huda 'yan katuna, ta cusa su can cikin rumbun, a wurin buga takarda, ta saita su su fara aiki ranar da za a nuna wa manya Tafinta.

Ranar da manyan kamfanin suka zo daga Legas ganin gwanintar Lukuman, injin ya fara tofo takardu. Ta sashen awo, ta sashen motoci, ta sito, kowacce a samanta an rubuta: Jummare Usumanu ce ta gina Tafinta. Lukuman ya yage ta farko, ya yage ta biyu, injin bai fasa ba. Ya binciki shirinsa kaf, gumi na ɗiga a kan katunan, amma bai gano inda sunan ke fitowa ba.

Oga Chuwang ya aika aka kira ta. Lukuman ya matso, murya ƙasa-ƙasa.

"Don Allah, Malama Jummare, ki cire."

Ta dube shi a tsanake, ta ɗaga murya yadda baƙin za su ji.

"Haba Malam Lukuman, ai kai ka gina rumbun. Nuna musu inda ƙofarsa take."