Farashin Shanu a Gajeren Zango

Direban motar shanu ne ya zo da saƙon daga Ngawundal, kuma da yake yana da hankali bai kai wa Hamagabdo kai tsaye ba. Jidda ya nema, taubashin Hamagabdo, ya gaya masa. Shi kuwa Jidda, wanda Allah bai yi wa bakinsa murfi ba, sai ya bari aka taru shan shayi a gindin mangwaro, ya ɗaga kai sama kamar da tsuntsaye yake magana.

"Wai wani yaron rugar nan ya samu aiki a gidan rediyon Turawa. Ran Juma'a bayan la'asar zai fara karanta labarai da Fulatanci. Gajeren zango, mita talatin da ɗaya. Ni dai haka na ji."

Hamagabdo ya ci gaba da tufkar igiyarsa, ko gira bai ɗaga ba. Yaron da ake nufi, Hayatu, ɗan farinsa ne. Tunda aka haife shi bai taɓa kiran sunansa ba, in ana hirarsa ma tashi yake ya ba da wuri. Amma yaron ya daɗe da tafiya, daga makarantar Garwa zuwa Yawunde, daga can jirgi ya ɗauke shi. Abin da ke cin tsohon a rai, wanda bai gaya wa kowa ba, shi ne muryar yaron ta fara ɓace masa. In ya nemo ta a ka, sai ya ji ta ƙannensa.

Ranar kasuwa sai ga shi da rediyo sabuwa fil a rataye a kafaɗa.

"Farashin shanu nake so in riƙa ji," in ji shi, tun ba a tambaye shi ba.

"Ashe," in ji Jidda. "Ka yi furfura kana sayar da shanu da ido, yanzu kuma sai da kunne. Allah Ya sa albarka, dendi, taubashina."

Matsalar ita ce rediyon ba ta san kowa ba sai tashar Garwa. A kasuwa ya so ya tambayi mai shagon ina mita talatin da ɗaya take, sai ya tuna labarin ya riga shi zagaye kasuwar, ya haɗiye tambayarsa. A duk rugar kuwa Jidda kaɗai ya san kan rediyo, don ya daɗe da tasa kafin ta faɗa kogi.

Ran Juma'a, ana idar da la'asar, Jidda ya zo ya miƙe ƙafa a kan tabarma.

"Faɗa mini wanda kake nema, in kamo maka shi yanzun nan."

"Ba kowa nake nema ba."

"To ai ba-kowa yana Garwa, ga shi nan kana jin sa."

Hamagabdo ya ɗauki rediyonsa ya zagaya bayan garke, ya zauna a kan wani tsohon suri. Ya murɗa har jan layin ya kai ƙarshen gilashi, ya dawo da shi. Garwa, sai shuuu. Ya jijjiga ta, ya buɗe bayanta ya dubi batir ya mayar. Can yatsansa ya taɓa wani ɗan maɓalli a gefe, ya tura shi, sai duniya ta zubo masa gaba ɗaya: fito, kukan gyare, wani Balarabe yana faɗa, wata mata tana waƙa da harshen da bai taɓa ji ba. Ya yi ta murɗawa da sauri, muryoyi suna wucewa kafin ya tantance su. Rana tana ta yin ƙasa. Zufa ta keto masa, ya ji tsoro na gaske, kada yaron ya yi maganarsa ya gama shi yana nan yana sauraren gyare.

Dudu, matarsa, ita ma kunyar ɗan farin nan ta ɗaure ta. Sai dai yau ta ga ya dace ta wanke ƙorenta a bayan garke, inda babu ko ɗigon ruwa. Ta daɗe tana goge ƙwarya ɗaya tana kallon yadda mijinta ke fama, sannan ta ajiye ta, ta nufi mangwaro.

"Jidda, in ba ka tashi ka nemo wa mutumin nan farashin shanunsa ba, kindirmon da ka sha jiya shi ne na ƙarshe a gidan nan."

Jidda ya tashi ba musu. Mutanen rugar kuma, da dama kunnensu na can, suka bi bayansa, kowa da ɗan uzurinsa.

"Kawo nan," in ji Jidda. "Kai murɗa ta kake kamar wuyan kaza. Gajeren zango ai tashoshin a cunkushe suke, tsakanin wannan da waccan bai fi silin gashi ba. Kuma ka bar eriya a kwance, da me za ta ji?"

Ya ƙara tura maɓallin gaba, ya zaro eriyar har ƙarshe, ya kai jan layin wajen wasu lambobi. Daga nan ya shiga taɓa abin murɗawar a hankali, kamar mai cire ƙaya. Fito ya yi sama, ya sauko. A ƙarƙashin shuuu ɗin aka fara jin wani yana magana, can nesa, Fulatanci ne amma ba a kama kalma ko ɗaya. Eriyar sabuwa ce, gindinta sako-sako, sai ta karkata za ta kwanta. Hamagabdo ya kai hannu ya tare ta.

Nan take muryar ta fito tar, kamar mai ita yana tsaye a bakin garken.

Ita ce. Ta yi kauri, ta koyi tafiya a hankali irin ta masu labarai, amma ita ce. Daɗi ya kama Hamagabdo, kunya kuma ta biyo baya, don ga mutane sun zuba masa ido. Ya saki eriyar ya juya zai bar wurin, yadda ya saba. Muryar ta nutse cikin shuuu.

"Dawo ka riƙe," in ji Jidda.

Wani saurayi ya miƙo hannu zai kama, Jidda ya make hannun.

"Kai, cire. Ita rediyo jikin mai ita kawai take karɓa. In ba shi ya riƙe ba, mu duka mun yi asarar farashi."

Hamagabdo ba yaro ba ne, ya san hannun kowa zai yi. Ya dubi taubashinsa, Jidda kuwa ya haɗe fuska yana kallon gilashin rediyo kamar limami. A ransa ya gode wa Allah da Ya yi Jidda maƙaryaci.

"To, saboda jama'a," in ji shi, ya kama.

Haka ya tsaya, yatsu biyu a kan eriya, fuska a wajen shanu, wai shi ba saurare yake ba. Muryar takan yi ƙasa ta dawo, in ta yi ƙasa sai ya ƙara matsewa. Dudu ta ja mayafi ta rufe baki, ƙwaryar tana cinyarta. Aka yi labarin wani taro, da ambaliya a wata ƙasa, da ƙwallo. Hannunsa ya gaji, bai sauya ba. A ƙarshe muryar ta ce, "Wanda ya karanta muku, Hayatu Hamagabdo," sai kiɗa ya biyo, wani kuma ya shigo da Faransanci.

Mata suka rangaɗa guɗa, samari suna tafawa da juna.

"To saki, an gama," in ji Jidda. "Nawa suka ce bijimi?"

Hamagabdo bai saki ba tukuna.

"Mura yake yi," ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba. "Sau biyu yana gyaran murya."

"Hancinsa a toshe yake," in ji Dudu daga cikin mayafi. "Tun yana ƙarami sanyi ba ya barin sa."

Jidda ya tambaye su a wace ƙasa aka yi ambaliyar. Babu wanda ya sani a cikinsu.

Hamagabdo ya karɓi rediyonsa, ya kashe, bai bari yatsansa ya taɓa abin murɗawar ba.

"Direban nan naka, in zai koma, a ba shi zuma da man shanu. Su can sun san yadda za su aika wa mai labaran."

"Wane mai labaran, dendi? Suna da yawa a gidan. Sai ka faɗi suna, kada a kai wa wani."

Tsohon ya gyara ratayar rediyonsa, murmushi yana neman ƙwace masa.

"Ba zai ɓata ba," in ji shi. "Ka ce wanda ya faɗi sunana duniya tana ji."