Fatar da Ɗangiwa Ya Yanka

Shekara biyu da samun 'yancin kai, mutanen Tambuwal suka yanke hukunci cewa kamfani ne ya kashe Halliru direba. Ba a je gaban alƙali ba. A tasha aka yanke shi, aka tabbatar da shi a bakin masallaci, kuma irin wannan hukunci ba a ɗaukaka ƙararsa.

Halliru shi ke tuƙa jif ɗin malaman dabbobi. Ranar wata Jumma'a da hantsi, yana ɗauke da allurar shanu zuwa Kebbe, motar ta ƙi tsayawa a gangaren wani rafi, ta kife. Malamin dabbobin da ke gefensa ya tsira da karayar cinya, kuma da yake barci yake yi, bai ga komai ba. Abin da kowa ya sani shi ne, kwana goma sha biyu kafin nan motar ta fito daga garejin kamfanin da ya sayar da ita a Sakkwato, da hatimi a littafinta cewa an duba birki. Dokar ofis ce: motar gwamnati ba ta zuwa wurin bakaniken gari. Direban da ya kai ta ya rasa aikinsa.

Injiniyan kamfani ya zo da akawunsa bayan mako uku. Ya zagaya motar sau biyu, ya karanta littafin, ya rubuta cewa laifin direba ne. Bai durƙusa ya leƙa ƙasanta ba, saboda an yi ruwa a daren jiya kuma wandonsa fari ne. Daga nan aka jawo gawar motar aka ajiye a gaban rumfar Ɗangiwa bakanike, don babu wani fili a garin da ƙarfe ya saba kwana. Aka ce za a aiko da takardar ɗauke ta. Damina ta wuce, takarda ba ta zo ba.

Ɗangiwa tsohon soja ne, a can ya koyi kanikanci, shi kuma ya koya wa ƙanensa Na'iya, wanda yanzu gemunsa ya fara fari. Tun da aka yi hatsarin, aiki ya yi musu yawa. Masu motar da a da suke kai ta Sakkwato su bar ta wata guda tana jiran kaya daga Ingila, yanzu rumfar Ɗangiwa suke kawo ta. Kowa ya zo sai ya tsaya gaban jif ɗin ya girgiza kai, ya ce ga aikin masu hatimi. Ɗangiwa ya zama shaidar cewa ɗan ƙasa ya fi kamfani, abin da ake matuƙar bukata a shekarun nan.

Shi kaɗai ya san cewa ranar Alhamis, ana gobe hatsarin, Halliru ya shigo da motar ta bayan rumfa lokacin da mutane suka tafi azahar. Na'iya ya tafi bikin suna a Jabo. Birkin ƙafar baya yana yoyon mai. Komawa kamfani na nufin mako uku, Fulani kuwa sun riga sun fara ɗaure kaya za su bar Kebbe da shanunsu ba allura. Ɗangiwa ya kwance silinda, ɗan bututun ƙarfen nan da ke tura birki, ya tarar robar cikinta ta cinye. Ba shi da sabuwa. Ya yanko fatar saniya, ya jiƙa ta da mai, ya datse ta daidai, ya sa. Ya yi wa motoci da yawa haka, duk suna nan suna yawo. Halliru ya taka birki, ya kama, ya yi dariya ya ce, "Baba Soja, wanga zance tsakaninmu na."

To, tsakaninsu ya tsaya. Ɗaya ya tafi da rabinsa kabari.

Motar tana fuskantar rumfar, fitila ɗaya a fashe, ɗaya lafiya lau. Duk inda Ɗangiwa ya tsuguna yana aiki, idan ya ɗaga kai sai ya gan ta. Da rana tsaka, in zafi ya bugi ƙarfen, takan yi wani ƙas-ƙas a hankali, kamar injin da aka kashe yanzu yana hucewa. Awaki suna kwana ƙarƙashin kowace mota a filin, ban da ita. Ɗangiwa mutum ne mai hankali, ya san ƙarfe na yin ƙara da zafi, ya kuma san awaki ba su son warin man birki. Sanin bai hana shi juya bencinsa ya ba ta baya ba. Da ya juya kuma sai abin ya fi muni.

Amsar tana nan taku ashirin daga inda yake zaune. Ƙusar taya biyar, gangar birki ɗaya, silinda ɗaya. In fatar ta tsage, shi ne. In tana nan lafiya, ba shi ba ne. Aikin da ba zai kai shan shayi ba. Kullum da safe yakan ce yau, kullum sai wata mota ta shigo ya gode wa Allah.

Abin da ya fi motar wuya shi ne Inna Mero, mahaifiyar Halliru. Duk ranar kasuwa takan biyo ta rumfar da ƙwaryar fura, ta ajiye masa, ta tsaya ba ta kallon jif ɗin.

"Ɗangiwa, ka sha. Kai ka ɗauko mini shi daga rafi, ban manta ba."

"Inna, kin sha wahala."

"Sau nawa ni ce mishi shi kawo ma motar ga? Ya ce doka. Da hannunka ya taɓa ta, da yanzu shina nan."

Yakan sha furar a gabanta har ƙasa, don ba ta tafiya sai ta ga ƙwarya wayam.

Bayan girbi, wata ranar kasuwa da Inna Mero ta tafi, ya ji ba zai iya shan wata ƙwaryar ba. Ya ɗauki jak da sifana ya nufi motar. Ya ɗaga ƙafar baya, ya cire taya, ya zare ganga. Inda silinda take, babu komai sai ramukan ƙusa biyu da bututun mai a toshe da tsinke.

Sannan ya kira ƙanensa.

"Na'iya, wa ya taɓa nan?"

Na'iya yana ƙarƙashin wata babbar mota, ƙafafunsa kawai ake gani. "Ni na. Wata guda ke nan. Ta Dawuda ta fashe, iri ɗaya ce, na sa mishi. Mi za a yi da ƙarfe mai kyau shina ruɓewa?"

A rumfar kanikawa ba a zubar da komai, kuma mataccen abu gadon mai rai ne. Ɗangiwa da kansa ya koya masa haka. Dawuda kuwa tsohuwar jif gare shi, yana jigilar mutane tsakanin Tambuwal da Kebbe, ta wannan gangaren, sau biyu a mako.

Ya ɗauki jak ya nufi tasha da sauri.

Ya tarar motar ta cika: mata da ƙoren nono da suka sayar, wani malami da buhun littattafai, tsoho da ɗan maraƙi a cinya. Dawuda ya riga ya tayar da inji.

"Kashe ta. Kowa shi sauka."

"Baba Soja, lafiya? Ko ka zo bin bashin gaisuwa?" in ji Dawuda yana dariya.

"Birkinka na baya. Na motar Halliru na."

"Na sani mana. Kayan kamfani, na Ingila. Abin da sunka iya ke nan, ƙera ƙarfe. Ɗaurawa ce ba su iya ba."

Aka yi dariya. Ɗangiwa ya ga babu mai sauka, kuma babu wata ƙaryar da za ta sauke su. Sai ya faɗa. Ya faɗi Alhamis, ya faɗi robar da ta cinye, ya faɗi fatar. Ya faɗe su kamar yana bayyana wa mai mota abin da ke damun injinsa. Mutane suka sauka ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kauce wa jikinsa.

Ya kwance tayar a gabansu. Ya cire silinda, ya zare abin da ke ciki da ɗan yatsa, ya ɗaga ga rana.

Fata ce, lafiya lau, ko tsaga babu. Na ɗan lokaci ƙirjinsa ya buɗe. Sai ya juya ta. Jar fata ce, mai kauri, an datse gefenta a karkace. Tasa baƙa ce, kuma shi bai taɓa yanka a karkace ba. Wannan yankan Na'iya ne.

Na'iya ya biyo shi, yana tsaye a bayan mutane yana goge hannu da tsumma. Ɗangiwa ya matsa kusa da shi.

"Wadda ka tarar ciki fa?"

"Yaya, na buɗe na ga fata cikin motar gwamnati. Wa ka yanka fata haka a ƙasar ga in ba kai ba?"

"Tana ina?"

"Na sa ta wutar maƙeri."

"A tsage take?"

"Ban duba ba."

"Ka riƙe ta a hannunka, Na'iya."

"Na riƙe, na kau da kai. Abin da nika tsoro ke nan, in gani. In na gani, dole in sani, in na sani kuma kullum muna cin tuwo kwano ɗaya." Ya ninke tsumman. "Na zaci na rufa maka asiri."

Ɗangiwa ya koma ya mayar da komai yadda yake, ya cika mai, ya sa Dawuda ya taka. Birki ya kama da kyau. Fasinjoji suka yi shawara a tsakaninsu, suka ga Kebbe da nisa a ƙafa, suka hau. Dawuda ya ce, ba tare da ya dube shi ba, mako mai zuwa zai kai motar Sakkwato a duba ta sosai, a buga mata hatimi. Kafin motar ta fita daga tasha an riga an sake hukunci, wannan karon a kan Ɗangiwa, da sauri kamar na farko, da shaida daidai da ta farko.

Ya san labarin zai riga shi isa, amma ya tafi. Ya bar jak ɗin a tasha, ya bi ta bayan kasuwa zuwa gidan Inna Mero, ya yi sallama a zaure. Ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito, ta tsaya daga ciki, hannunta a jikin bango.

"An ce ka ce kai na."

"Na ce na taɓa motar, Inna."

"Ba shi ni tambaye ka ba. Kai na, ko ba kai ba?"

Ya buɗe baki ya ga duk hanyar da ya taho bai shirya wa wannan ba. Ya shirya neman gafara, ya kuma shirya rantsuwa, ga shi babu wadda yake da ikon yi.

"Ban sani ba," ya ce.

"To wa ya sani?"

Ta jira. Ya tsaya a zauren, hannuwansa baƙi da mai, har ladan ya kira la'asar, babu wanda ya motsa a cikinsu.