Matar da Mutumin Yake Tura Ta

Karo na huɗu ke nan Malam Hassoumi yana ɗora yatsa a kan hoton da ba shi aka ce ya nuna ba. 'Yarsa Suhaila ta matse jakarta a cinya. Tun asuba ta kamo jirgin ƙasa daga Paris zuwa Lyon, don yau za a yanke ko mahaifinta zai koma gidansa na unguwar Minguettes ko a kai shi gidan jinya. Shanyewar ɓarin jiki ta tafi da Faransancinsa. Hausa ta rage masa, sai ɗan Italiyancin ƙauye na shekarun da ya yi yana jimar fata a yankin Veneto na Italiya.

Madeleine, mai koya wa majinyata magana, ta sake jera hotuna biyu: a ɗaya mace tana tura namiji, a ɗayan namiji yana tura mace. Suhaila ce tafinta.

"Baba, nuna matar da take tura mutumin."

Ya nuna daidai.

"To, nuna matar da mutumin yake turawa."

Yatsan ya koma hoton farko. Madeleine ta yi rubutu. Suhaila ta san yadda ake karanta irin wannan takarda a ofishin likita: za a ce ba ya gane magana.

Tsohon ya yi gunaguni da Italiyancinsa. Madeleine ta ɗago kai.

"Haka kakata 'yar Veneto take magana," ta ce. "A ƙauyensu ba sa barin irin wannan jimla haka, sai sun ƙara 'ta' ko 'shi' a kusa da kalmar aikatau. Kuna iya yin haka da Hausa?"

Suhaila ta gwada a ranta, sannan ta sunkuya kusa da kunnensa.

"Baba, matar da mutumin yake tura ta."

Ya daɗe yana kallo. Ya ɗora yatsa a hoto na biyu, ya bar shi a can. Suka canza hotuna. Cikin takwas ya ci shida.

"Ba warkewa ba ce," in ji Madeleine. "Amma zan roƙi likita ya ƙara mana sati biyu kafin a yanke."

A baranda Suhaila ta kira mahaifiyarta a waya.

"Ya gane abin da ake faɗa masa?" tsohuwar ta tambaya.

"Yana ganewa, Inna. Ɗauko biro, in gaya miki yadda za ki riƙa yi masa magana."